Tala Likita da Yaron Tani

Ranar da muka binne uwata, fasto ya tashi a gaban jama'a ya ce ita mace ce mai sanyin hali, mai taushin harshe. Na duba hagu na duba dama, ko an kawo wata gawa ban sani ba. Yaro ne faston, bara waccan aka turo mana shi, ya tarad da ita ta haura tasa'in, haƙora sun zube, faɗa ya ragu. Mu da muka san Tala Likita da ƙarfinta sai muka sunkuyar da kai. Alhazan Gidan Sajo suna tsaye bayan majami'a, don sun fi mu yawa a wurin nesa ba kusa ba, na ji ɗayansu ya yi tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Babu ɗaya cikinsu da bai taɓa sassauta wando a gabanta ba, kuma babu wanda ya sha allurarta bai haɗa da faɗa ba.

Ni ne ɗanta na fari, Ishaku. Sai dai in kuna jiran ku ji haka daga bakinta, to ta tafi da shi kabari. Shekara saba'in da huɗu muka yi tare a duniya ba ta kira sunana ba, ko da kuskure, ko cikin zazzaɓi. Yaran yanzu da uwa ke rungume ɗan fari tana ɗaukar hoto da shi ba za su gane ba. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta san da zamanshi. Kowace mace na yi, amma in shekaru suka ja yawanci akan sassauta. Uwata kuwa duk abin da ta kama ba ta san sassauci ba.

Asalinta 'yar wani ƙauye ce wajen Sae Sabuwa, kakanninta daga ƙasar Katsina suka ƙetaro. Shekarar da fara ta cinye gonaki iyayenta suka mutu mako ɗaya tsakani, wani kawunta ya kai ta wurin matan mishan ya ce su riƙe mashi ita zuwa kaka, bai sake komowa ba. Can ta koyi karatu, ta koyi wanke gyambo da yin allura, can kuma aka aurar da ita ga babana Ayuba kafinta. Aka turo su Gidan Sajo, tafiyar hantsi daga Agiye, aka ba ta ɗaki biyu na laka da akwatin magani. Ɗakunan nan su ne likita, wato asibitin ƙauyuka goma sha wani abu, shekara arba'in da ɗoriya.

Tun asuba take hura wuta ta ɗora tukunyar allura. Allurar zamanin ba a yarwa, tafasawa ake, in ta dakushe a wasa ta a dutse. Kafin rana ta ɗaga layi ya kai bakin rijiya: mai kurkunu, mai ciwon ido, Bafulatana da jaririn da ya ƙi nono. Kowa sai ya ji tarihinshi. Mai gyambo za ta tambaye shi wane mahaukaci ya ce ya shafa kashin shanu, in ya ce kakarshi ce, ta ce a kawo kakar ita ma. Maigari kanshi ta taɓa mayar da shi ƙarshen layi don ya zo da hannu ba wanki. In ana naƙuda kuwa, ko loma na hannunta ajiyewa take ta ɗauki jaka. Rabin mutanen yankin nan a tafin hannunta suka faɗo, kuma kowane ta san sunanshi da na uwarshi da ranar da ya zo. Tana iya tsayawa tsakiyar kasuwa ta ƙwala ma ƙato mai gemu kira, ta tambaye shi ko ya daina fitsarin kwance.

Ni kaɗai ne ba ni da suna. Da aka yaye ni aka kai ni gidan goggona Tani, yayar babana, mai ƙuli-ƙuli, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Musulma ce, don babana shi kaɗai ya bi addinin mishan a gidansu, amma duk Lahadi ita ke wanke ni ta shafe ni da man gyada ta kora ni majami'a, ta ce amanar ƙaninta ce. Gidan Tani da ɗakin likita katanga ɗaya ce tsakani. Tani nake ce ma Inna, uwata kuwa Likita nake ce mata kamar kowa. Ita kuma in ya zama dole sai ta ce “yaron Tani”. In na yi zazzaɓi aka kai ni, ni ne na ƙarshe a layi ko da na riga kowa zuwa. Ba ta dubana. Tani take duba, ta ce a gaya mashi ya buɗe baki. Ina tsaye kamu ɗaya da ita, wai a gaya mani. Ƙannena takwas da suka biyo baya kuwa sunansu har gajiya ya yi a bakinta. Ba zan ɓoye maku ba, abin yana cina. Na sha zama bayan katangar nan ina jin tana rarrashin ɗan wani, ina fatan in wayi gari ni ma ɗan wani ne.

Majami'armu a lokacin rumfar kara ce, mu goma sha bakwai har da jarirai. Ƙararrawa guntun ƙarfen mota ne rataye a icen bedi, kuma uwata ke bugawa, don ta ce mazan ba su san lokaci ba. Malam Magaji mai bishara idonshi ya yi yana, saboda haka karatun Lahadi ya koma hannunta. Nan aka sha kallo. Babana sunan annabi gare shi, ni ma sunan annabi gare ni, ita kuma ba ta faɗin ko ɗaya, na miji da na ɗan fari. In karatu ya iso kan mai sunan babana sai ta ce “bawan Allahn nan mai haƙuri”, ta wuce. In ya iso kan nawa ko wannan ban samu ba. Tsayawa take cak, ta kafa ido a shafi, ta yi gyaran murya, jama'a su faɗi sunan gaba ɗaya, sannan ta ci gaba. Akwai Lahadin da sunan ya fito sau goma sha ɗaya, muka tashi makogwaro a bushe. Wata baturiya da ta zo rangadi ta ga haka ta ji daɗi ƙwarai, ta ce ba ta taɓa ganin ikkilisiya mai son wannan annabi kamar tamu ba, za ta rubuta a gaya ma sauran su yi koyi. Malam Magaji ya taɓa gwada yi ma uwata wa'azi, cewa a wurin Ubangiji babu irin wannan kunya. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tuna mashi gobe ce ranar allurarshi. Bai sake ba.

Babana ya rasu ina da shekara goma sha biyar. Bayan shekara huɗu, damina ɗaya da samun mulkin kai, labari ya zo cewa sabuwar gwamnati na neman samari masu karatu, za a kai su Maradi a koya masu aikin mushen lakol, wato malamin makarantar boko. Ni na yi karatu wurin mishan, har da ɗan Faransancin da na tsinta wurin wani tsohon soja. Aka gwada ni na ci. Saura abu ɗaya, takardar haihuwa, wadda a duk Gidan Sajo ko maigari bai taɓa ganin kalarta ba. Aka ce wani komi, wato magatakardan ofishin hukuma, zai zo Agiye ranar Talata, yini ɗaya tak, ya yi ma mutane takardar. Laraba da safe kamyo, babbar motar ɗaukar gyada, zai kwashe samarin da suka samu. Wanda ubanshi ya mutu, dole uwarshi ta tsaya gaban tebur ta ɗaga hannu ta faɗi da bakinta cewa wane ɗanta ne. Wanda bai samu ba ya koma ga hauyarshi, kuma ba wanda ya san ko za a sake ɗiba.

Tani ta ce abu mai sauƙi, ita za ta je ta ce ita ta haife ni, wa ya sani. Maganar ta tsallaka katanga. Ba a jima ba sai ga uwata a tsakar gida, hannu duk shuɗin magani, ta dubi rumbu ta gaya ma rumbu cewa ƙarya da rantsuwa a gaban hukuma zunubi ne, kuma muddin tana da rai ba za a yi shi a kan jinin maigidanta ba. Tani ta ce to ki je ki faɗa da kanki. Ta ce Allah ya kiyaye, a gaban maza? Kun ji inda aka sa ni. Ƙarya majami'a ta hana, gaskiya kunya ta hana, ni kuma ina tsakiya da kamyo ranar Laraba. Kwana uku ana kai da kawowa. Aka sa maigari, ta tambaye shi ko ya gama shan maganin da ta ba shi. Aka nemi Malam Magaji, ya ce idonshi ya tashi. Na daina cin abinci, Tani ta daina soya. Ranar Talata da asuba sai muka ji uwata na gaya ma ƙanwata Amina, da ƙarfi yadda za a ji ta katanga, cewa za ta Agiye karɓo bandeji, wanda ke da wata buƙata a can yana iya bin sawu.

Haka muka tafi. Ita a gaba da farar rigar aiki, Tani a kan jaki, ni a baya. Sau uku ta tsaya a hanya, sau ɗaya ta duba idon wata tsohuwa, sau biyu ta yi ma mutane faɗa a gonarsu. Ni ko inuwata ba ta taka ba.

An kafa teburin ƙarƙashin wata tsamiya, da sabuwar tuta ɗaure a gora. Komin mutumin bakin teku ne, siriri, da igiyar wuya duk zafin nan, har mutane sun sa mashi Mushe Karabat, wato malam mai igiyar wuya. Ba ya jin Hausa sai ta bakin tafinta, wani Dogo, wanda uwata ta taɓa cire ma kurkunu biyu. Mushe Karabat ba mugu ba ne, amma tun safe ake wasa da hankalinshi. Mutane na tsoron takardar hanyar kwashe yara lakol ce, saboda haka kowa ya ɓoye nashi ya zo da na wani. Wani attajiri ya kawo ɗan baranshi ya ce nashi ne, wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya ta rantse ita ta haifi mai rarrafe. Kafin layi ya iso kanmu bayan azahar, komin ya riga ya daina yarda da kowa.

Ya sa uwata ta ɗaga hannu, ta ɗaga. Ya tambaya ko wannan saurayin ɗanta ne. Uwata ta dubi tsamiya ta ce haka mutane ke cewa. Ya tambayi sunanshi, ta ce yana da baki. Dogo ya fara zufa. Ya yi ƙoƙarin gaya ma komi cewa al'ada ce, komi ya ce shi doka aka turo shi ya yi, al'ada ta jira a gida. Ya sake tambaya a hankali, ita ta haife shi ko ba ita ba.

“Ranar da aka haife shi ina wurin,” in ji uwata.

Komi ya ɗaga alƙalami, har na fara murna. Sai wani sakarai daga cikin layi ya ce ai shi ma ranar da aka haife shi tana wurin. Wani ya ce shi ma. Hannuwa suka tashi, sun kai ashirin. Dole Dogo ya fassara. Mushe Karabat ya ajiye alƙalami ya ce a kira na gaba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ban taɓa yi mata doguwar magana kai tsaye ba sai ranar, kuma ku ji da me na fara:

“Likita, bar shi, kada ki wahala. In kin ce ba ki san ni ba ai ba ƙarya kika yi ba. Shekara goma sha tara kina duban ɗiyan mutane, ni ko sau ɗaya ba ki dube ni ba.”

Tani ta dafe kai. Wata mata ta ce kun ga aikin lakol, tun ba a shiga ba. Uwata ba ta juyo ba. Ta matsa gaban tebur, ta ture mutumin da aka kira, ta ce ma Dogo da muryar da take tara layi da ita, ya gaya ma yaron nan mai igiya ya ɗauki alƙalaminshi ya rubuta.

Ta fara daga kai ta gangara, ido a kan tebur. Bayan kunnen hagu akwai ɗan rami, faɗuwa daga rumbu, shekara huɗu. Haƙori na sama a dama ya karye gefe, ƙwallon goruba. Ƙarƙashin allon kafaɗa akwai tawadar Allah, girman ƙwayar wake. Lambar agana biyu a dantse, don ta farko ba ta kama ba. Ƙuna a cinyar dama, man suyar Tani. Tabon maruru a mazaunai, gefen hagu. Farcen ƙaramin yatsan ƙafa ya rabu biyu, irin na ubanshi.

Mushe Karabat mutum ne mai son a tabbatar. Ya sa Dogo ya duba ɗaya bayan ɗaya. Aka cire mani hula, aka wage mani baki kamar ana zaɓen jaki, aka cire riga. Dogo na cewa akwai, komi na yin alama. Da aka iso cinya na ce na fasa aikin mushen, a ba ni hauyata. Tani ta ce in tuɓe ko ta tuɓe ni. Ta kare ni da mayafinta, amma mayafin gajere ne, Tani ma gajeruwa ce, 'yan matan da ke tallar fura suka ajiye ƙwarya suka matso. Tawadar bayan nan ni kaina ban san da ita ba sai ranar. Marurun kuwa ina da shekara goma sha shida na yi shi, na ɓoye ma kowa, na matse shi da kaina a gona. Har yau ban san yadda aka yi ta sani ba.

Komi ya dubi alamominshi, bakwai cif, ya gyara igiya. Ya ce madalla, madam ta san aikinta, amma wannan duk ma'aikaciyar likita mai lura tana iya sani. Shi abin da uwa kaɗai ta sani yake nema. Dogo ya fassara da muryar mai neman gafara.

Uwata ta yi magana ƙasa-ƙasa har sai da Dogo ya sunkuya, amma wurin ya yi shirun da kowa ya ji.

“Ranar da aka yaye shi aka ƙetara katanga da shi. Kwana tara yana kuka, ana ji. Nonon da aka cire shi daga kai kwana ashirin da biyu yana zuba, ya ɓata rigar aiki uku. Tambaye shi ko wannan ma a likita ake koyo.”

Ban ji abin da Dogo ya faɗa da Faransanci ba, kunnuwana sun toshe. Komi ya cire tabarau ya goge ya mayar. Bai sake tambayarta komai ba. Ni ya duba ya tambayi sunana, na faɗa ina riƙe da wando da hannu ɗaya. Ya rubuta, ya buga hatimi. Kafin tawada ta bushe uwata ta yi nisa, baya a miƙe, ta nufi wurin bandejinta. Kuma ta karɓo shi, ƙulli biyu, ta ɗora ma jaki.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa da takardar nan, daga Gazawa har Gidan Rumji. Uwata ta ci gaba da aiki har sai da hannu ya fara rawa, ta ci gaba da buga ƙararrawa har sai da jikoki suka ɓoye mata sanda. Majami'a ta koma ta siminti da kwano, aka samu masu karatu da yawa, amma ta riƙe benci na gaba, duk wanda ya yi tuntuɓe a karatu sai ta gyara mashi daga zaune. Maganar tsamiya ba ta sake tashi tsakaninmu ba. In na zo hutu sai ta aiko tuwo da kaza, a ce wai ragowa ce. Da Tani ta rasu saƙo ya koma bi ta bakin matata, da matata ta rasu ya koma ta bakin jikoki. Ni kuma ban taɓa ba ta haƙuri kan abin da na faɗa ba. Na sha yin niyya, in na iso ƙofa sai in tarar tana kallon wani wuri, in gaishe da Likita in wuce. Wannan yana damuna har gobe.

Amma bari in koma safiyar Laraba, kafin kamyo. Ina ɗaure kayana, Tani na zuba mani ƙuli-ƙuli a buhu na guzuri. Na yi ta juya maganar a baki, daga ƙarshe na tambaye ta ko gaskiya ne, kwana ashirin da biyun nan. Tani ta ja tsaki.

“Ashirin da biyu a ina? Ya haura arba'in. Ni ke wanke rigunan a ɓoye kada a gani. Da ta ji muryarka sai ya ɓalle, ko tana tsakiyar allura. Ragewa ta yi jiya, don kunya.”

Ta ƙulle bakin buhun ta ajiye gabana. Na zauna a kai na yi kukan da ban yi gaban tebur ba, har Tani ta ce in tashi, ina farfasa mata ƙuli-ƙuli.